Daren Rawar Kwantra na Farko da Na Tsara: Inda Ake Sauya Tsayuwa da Inda Ake Barin Ta

Saura mako 6 a yi rawar saƙon kwamiti ya shigo mini ta imel. Ba shi da tsawo: ranar Asabar ce, daga ƙarfe 7:30 zuwa 10:30 na dare, darasin sababbin zuwa da ƙarfe 7, makaɗa uku (goge, fiyano da akodiyan), mutane kuma sukan kai 50 zuwa 70. Wurin wani tsohon zauren ƙungiyar manoma ne a wani ƙaramin gari a yammacin jihar Masacusets. Kafin nan na sha kiran rawa ɗaya ko biyu, wato faɗa wa masu rawa motsin da za su yi, a daren wani mai kira, amma ban taɓa riƙe dare sukutum ba. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne tsayuwa: sau nawa zan tayar da mutane daga dogon layin da suka saba in sa su a zobe ko a murabba'i na mutum takwas-takwas, kuma a wane lokaci na daren. Na tambayi masu kira uku, kowa ya ba ni amsa daban, sai da na bi aikin mataki-mataki sannan na gane dalilin saɓanin nasu.

Ga wanda bai san ta ba, kwantra rawar jama'a ce ta yankin Niyu Ingila a arewa maso gabashin Amurka, tushenta kuwa raye-rayen karkarar Ingila. Kowa yana da abokin rawa, kuma mutum biyun nan zan riƙa ce musu tagwai don sauƙi. Ɗaya yana tsayawa a hagu, ɗaya a dama. A da ana kiran su namiji da mace. Yanzu wurare da yawa sun koma ce wa na hagu lak, na dama robin, sunayen tsuntsaye biyu da harafinsu na farko ya yi daidai da na hagu da dama a Turanci. Kiɗan ƙayyadadde ne: taku 64 a kowane zagaye, an kasa shi kashi huɗu masu taku 16-16, wato A1, A2, B1 da B2. Zagaye na ƙarewa kowane tagwai zai zarce ya tarar da sababbin maƙwabta, a sake daga farko. Mai kira yana koyar da rawar ba kiɗa, sannan ya riƙa faɗin kowane motsi ta makirufo kafin lokacinsa ya zo, har ƙafafun mutane su riƙe, sai ya yi shiru ya bar su da makaɗa. Tsayuwar da aka fi yi ita ce imfurofa: a yi dogon layi, a kama hannu huɗu-huɗu daga kan layi wajen makaɗa, tagwai na sama su ne lamba 1, su musanya wuri su fuskanci ƙasa, lamba 2 su fuskanci sama. Lamba 1 gangarawa suke yi, lamba 2 suna hawa, wanda ya kai ƙarshe ya jira zagaye ɗaya, ya musanya wuri da abokinsa, ya dawo da ɗayar lambar. A zamanin Ralph Page, shahararren mai kiran nan na Niyu Hamsha da ya rasu a 1985, dare ɗaya yakan haɗa layi da murabba'i da rawar mutum biyu, ba wanda yake ganin baƙon abu ne. Yau a wurare da yawa daga farko har ƙarshe imfurofa ce da ƙanwarta Beket.

Matakin farko shi ne komawa wurin kwamiti da tambayoyi. Na tura musu guda biyar: wane suna ake kiran na hagu da na dama, mutum nawa ne sababbi a dare na yau da kullum, ana yin murabba'i a zauren ko ba a yi, ana yin rawar musayar abokai ko ba a yi, kuma da ƙarfe nawa mutane suke fara tafiya gida. Kwana 9 na yi ina jira, domin 'yan kwamitin masu aikin sa-kai ne, kowa da sana'arsa. Jiran ya dame ni, don ba na iya zaɓen ko kati ɗaya daga katunan da nake rubuta raye-raye a kai kafin amsar ta zo. Da ta zo sai ga ta haɗe da takardar ƙa'idojin masu kira mai shafi biyu, wadda ashe tana nan ajiye, sai wanda ya tambaya ake tura wa. A ciki an rubuta lak da robin, murabba'i kada ya wuce ɗaya a dare, rawar musaya ana so amma a rabin farko, hutu minti 15, sanarwa kafin hutu, wals, rawar mutum biyu-biyu, a ƙarshen kowane rabi. Kuɗin shiga daga dala 10 zuwa 15 ne gwargwadon ƙarfin mutum, mai kira yana da dala 100 ko da mutane ba su zo ba, abin da ya saura bayan kuɗin zaure a raba shi tsakanin makaɗa da mai kira da mai kula da sauti. Duk wanda aka ba dare ya nemi wannan takarda a saƙonsa na farko. Rabin shawarar da nake ta saƙawa da kwancewa an riga an yanke ta a ciki.

Saura mako 4 na je zauren a daren wani mai kira, na biya dala 12 na shiga, da tef ɗin awo a aljihu. Na isa da wuri kafin a fara na auna filin rawar, ban da dandamalin makaɗa da jerin kujeru: faɗi ƙafa 32, tsawo ƙafa 54. Wannan awon ya fi duk wata shawara amfani. A ma'aunina layi ɗaya yana son faɗin ƙafa 10 idan ana so a yi juyi ba karo, don haka zauren layi 3 yake ɗauka. Murabba'i yana son ƙafa 12 kowane gefe, ke nan biyu a faɗi, huɗu a tsawo, 8 gaba ɗaya, mutum 64. Babban zobe kuwa, idan aka bar ƙafa biyu daga bango aka zagaye kusurwoyi, kewayen bai wuce ƙafa 140 ba, kowane mutum da hannunsa riƙe da na maƙwabcinsa yana cin ƙafa biyu da rabi, to mutum 56 ne iyaka; da sun wuce haka sai zobe biyu, ɗaya a cikin ɗaya. Huɗu-gaban-huɗu, wadda ake haɗe layi biyu su zama ɗaya, tana son faɗin ƙafa 20, don haka guda ɗaya tak za ta shiga, kuma tsawon zauren ba zai ɗauki fiye da mutum 40 a cikinta ba. Na kuma zauna ina ƙirga kawuna a kowace rawa: 44 a ta farko, 62 a ta huɗu, 48 bayan hutu, 30 a ta ƙarshe. Na lura sababbi su ne suke cika rabin farko, yawancinsu kuma a hutu suke tafiya. Na lura da amon zauren ma: bango katako ne, rufi mai tsawo, wanda yake can ƙasa yana jin kiɗa sosai amma kalmomin mai kira suna iso masa a cakuɗe.

Duk da wannan awon, jerin da na fara rubutawa ya yi yawa. Raye-raye 12 na jera a kan kati, tsayuwa iri 8: imfurofa, Beket, furofa (layin da lamba 1 ba sa musanya wuri, lak duka a sahu ɗaya, robin a ɗayan), hannu shida, zoben musaya, zoben Sisiliya, murabba'i da huɗu-gaban-huɗu. A raina ina ganin da haka ne dare ba zai gunduri kowa ba. Na kai wa dattijuwar da nake koyon kira a hannunta, wadda ta fi shekara 30 tana wannan aiki. Muka baje katunan a teburin kicin ɗinta, ta duba su ɗaya bayan ɗaya ba ta ce komai ba, sannan ta miƙo mini fensir ta ce in yi lissafin lokaci a gabanta. Dare minti 180 ne. Cire hutu 15, sanarwa 5, wals biyu 8, saura 152. Zagaye ɗaya a saurin taku 116 zuwa 120 a minti yana cin daƙiƙa 32 ko 33, zagaye 15 minti 8 ke nan. Neman aboki da shiga layi minti 2, koyarwa minti 3. Kowace rawa minti 13. Raye-raye 11 sun ci 143, rarar minti 9 kacal. Na ce, "Malama, to ai sai in rage ɗaya." Ta ce, "Ba ka gama ba. Duk tsayuwar da mutane ba su saba ba, ƙara mata minti 4 ko 5 na jera su kawai, kafin ka koyar da taku ɗaya. Shida ka sa. Lissafa." Minti 30 ne, raye-raye biyu da ɗori sun tafi a tsaye ana jiran mai kira ya gama shirya mutane. A nan jikina ya yi sanyi, don na ga daren da na tsara rabinsa magana ce.

Ta fara cire hannu shida. A wannan tsayuwa tagwai uku ne suke rawa tare, lamba 1, 2 da 3. Lamba 1 suna gangarawa wuri ɗaya kowane zagaye, su kuwa lamba 2 da 3 suna musayar lamba a tsakaninsu duk zagaye, kuma wanda ya kai sama sai ya jira zagaye biyu kafin ya shigo. Sabon zuwa da ya koyi jiran zagaye ɗaya minti 20 da suka wuce zai shigo da wuri, ya ja maƙwabtan da ba nasa ba, ruɗanin ya gangara har gindin layi. Rawa ce mai kyau, amma ta taron ƙwararru ce ko ta ranar da aka ware don tsofaffin raye-raye. Zoben Sisiliya ma ta cire, ba don wuya ba, domin ita ce ma mafi sauƙi ga sababbi: tagwai na fuskantar tagwai a kewayen babban zobe, babu kai babu gindi, don haka babu jira babu musayar wuri. Matsalarta zaurena ne. Zoben mai kauri biyu ne, a faɗin ƙafa 32 kuwa mutum 60 za su matse a gefe su bar tsakiya fayau, na ciki suna takun kaza, na waje suna gudu. Ta bar mini zoben musaya a rawa ta 3, murabba'i a ta 5, huɗu-gaban-huɗu a ta 9, furofa a ta 10, kuma ta kafa mini sharaɗi biyu. Na farko, kada baƙuwar tsayuwa biyu su biyo juna. A dawo da mutane layin da suka sani tsakaninsu. Ta 9 da ta 10 sun saɓa wa wannan sharaɗi, sai a daren rawar na gyara. Na biyu, idan tsayuwa sabuwa ce, motsin da ke cikinta duka su zama waɗanda aka riga aka yi a daren, idan kuma motsi sabo zan koyar, a yi shi a imfurofa. Kan mutum abu ɗaya sabo yake iya ɗauka a lokaci guda yana tafiya da kiɗa.

Mako na gaba na zauna da takarda mai layi-layi, raye-rayen a jere daga sama zuwa ƙasa, motsin a jere daga hagu zuwa dama: juyi da maƙwabci, juyi da aboki, zobe hagu, dogon sahu gaba da baya, sarƙa, tauraro, gangara zaure huɗu a jere, da wanda suke kira hei, ni kuwa nake ce masa kitso saboda yadda mutum huɗu suke ratsa juna. Da na sa alama sai abin da ban gani a kan kati ba ya fito fili. Raye-raye 6 daga cikin 7 na layi duk da taku gaba da baya da juyin maƙwabci suke farawa, 5 kuma suna da zobe hagu kashi uku cikin huɗu ana faɗawa juyi. Da na kira su haka, ko tsayuwa nawa na sauya, ƙafafun mutane za su ji rawa ɗaya suke maimaitawa. Na musanya kati huɗu don farko da ƙarshen kowace rawa su bambanta da na wadda ta gabace ta. Daga nan na gwada kowane kati a kan tebur da kwabbai da maɓallai, kwabo na hagu, maɓalli na dama, tagwai biyar a layi don in ga abin da zai faru a ƙarshen layi. Beket ce ta fi cin lokacina. An sa mata sunan garin Beket na Masacusets, kuma a cikinta abokinka yana gefenka a sahu ɗaya, kuna fuskantar wani tagwai a ɗaya sahun. Hanya mafi sauri ta jera ta ita ce a tsaya imfurofa, a kama hannu huɗu, a juya zobe hagu wuri ɗaya. Ana zarcewa ne ta gefe, yawanci hagu, kamar layin duka doguwar da'ira ce. Daɗinta shi ne rawar tana iya ƙarewa da juyin aboki, shi ya sa ta dace da ƙarshen rabi da ƙarshen dare. Haɗarinta yana bakin layi: idan akwai motsi a karkace zuwa tagwai na gaba, waɗanda ba su da kowa a wannan ɓangaren dole su tsaya cik, in suka motsa sai wani ya rasa aboki. Na rubuta wannan gargaɗin da jan biro a saman katin. Kowane gurbi na kuma ajiye masa katin madadi mai sauƙi a imfurofa, da 'yar uku guda biyu, wato rawar tagwai uku irin waɗanda Ted Sannella ya yi suna da tsarawa, ko da mutane za su ragu sosai.

Saura mako 2 na rubuta wa makaɗa. Rawar layi ba ta buƙatar dogon bayani, ka ce musu mai santsi ko mai tsalle, salon kiɗan jig ko na ril, su zaɓi kiɗa biyu ko uku su haɗa. Baƙuwar tsayuwa ce take son sanarwa tun da wuri. Na gaya musu murabba'in zagaye 7 ne cif: buɗewa, motsin sau biyu, tsakiya, motsin sau biyu, rufewa, kuma kiɗa ɗaya nake so kada a sauya, a kuma sassauta sauti don zan yi magana tun daga farko har ƙarshe. Furofar kuwa tsohuwar rawar nan ce Koras Jig, wadda take da kiɗanta na kanta, sai na tambaya ko suna da shi. Mai goge ya amsa bayan kwana 3 cewa suna da shi. Muka daidaita alamu: bugu huɗu na share fage kafin A1, waɗanda a nan ake ce wa dankali huɗu, da yatsu uku, biyu, ɗaya a cikin B2 don sanar da saura zagaye nawa. Akwai lissafin da ke tafiya da tsayuwa a nan. A hannu huɗu, zagaye na 2, na 4, na 6 duk akwai tagwai da ke jira a sama, gaban makaɗa, inda kowa yake ganinsu. Don haka ana ƙarewa a zagaye mara, irin na 13 ko na 15, kuma hanyar ganewa ita ce ka ɗaga yatsu uku ko ɗaya a lokacin da ka ga wasu suna jira a sama. A hannu shida lissafin ya koma 4, 7, 10, 13. A 'yar uku kowane zagaye uku ne ake komawa gida, sai a ƙare a 6 ko 9.

Ranar rawar na isa 6:30, muka gwada makirufo, na roƙi mai kula da sauti ya tsaya can ƙasa ya saurari kalmomina. Darasin ƙarfe 7 ya tara mutum 22, yawancinsu ɗalibai da suka zo a ƙungiya, fiye da ninkin abin da aka ce mini. Gabana ya faɗi, amma tsarin ya riƙe. Rawa ta 1 imfurofa ce mai juyin maƙwabci da zobe da tauraro, ta 2 ta ƙara sarƙa. Tun kafin a nemi abokan rawa ta 3 na sanar cewa ta musaya ce, kowane zagaye za a sami sabon aboki, don kada wani ya je ya roƙi wanda yake so su yi tare ya rasa shi bayan daƙiƙa 30. Na ƙirga 60, na san zobe ɗaya ba zai ɗauka ba, nan take na ce tagwai 10 su shiga tsakiya su yi nasu zoben. Minti 3 aka jeru. Na faɗa musu wanda ya rasa aboki ya zo tsakiya ya ɗaga hannu, zai tarar da wani irinsa. Wannan rawar ce ta ceci daren, don ɗaliban sun zo suna rawa da junansu a gindin layi na uku, inda babu wanda zai gyara musu, zoben kuwa ya watsa su cikin tsofaffin hannu. A rawa ta 4, da aka koma layi, an ga bambanci: sababbin sun bazu a layi ukun.

Murabba'i ne ya ba ni wahala, kuma laifin shirina ne. Na ce a yi murabba'i, sai mutane suka tsaya gungu-gungu, nan tagwai uku, can biyar, wasu kuma suka nufi wurin ruwa da jin sunan. Mutum 58 ne a fili, murabba'i 7 da ragowar mutum biyu, amma sai da na ci minti 6 kafin su cika, domin ban faɗi inda kowanne zai tsaya ba, ban kuma ce wanda yake neman tagwai ya ɗaga yatsa ɗaya ko biyu gwargwadon abin da ya rage masa ba. Da na tuna na faɗi hakan, cikin minti ɗaya aka gama. Sannan koyarwa: tagwai na 1 su ne masu ba makaɗa baya, su da na 3 su ne kawuna, na 2 da na 4 gefuna, kowa ya san gidansa, ya san na kusurwarsa, wato wanda yake ɗaya gefensa ba abokinsa ba. Wannan kaɗai minti biyu ne kafin motsi. Da kiɗa ya tashi, murabba'i biyu na can ƙasa suka rushe a zagaye na uku, saboda amon da na lura da shi wata guda da ya wuce. A layi, wanda bai ji kira ba yana kwaikwayon maƙwabcinsa, zagaye na gaba kuma sababbin mutane za su ɗauke shi. A murabba'i mutum takwas ɗin nan su kaɗai ne, in biyu suka ɓata sauran shida sun tsaya. Na ce kowa ya koma gida ya juya abokinsa, na rage kalmomina zuwa sunan motsi kawai, suka dawo a zagaye na huɗu. Da aka tafa na duba agogo: minti 19. Rarar minti 9 ɗina saura kaɗan. Beket ta 6 na gajarta ta zuwa zagaye 11, aka yi wals, aka tafi hutu a makare da minti 4.

A hutu na zauna da katunan a gefen dandamali na sake lissafi. Bayan hutu mutum 46 suka rage, layi biyu. Ta 7 imfurofa ce mai sauƙi don jiki ya dawo, ta 8 Beket mai cikakken kitso, ita ce mafi wuya a daren, kuma ta tafi lafiya saboda an riga an yi Beket an riga an yi rabin kitso. Kafin ta 9 na sake ƙirgawa: 40 daidai, abin da awona ya ce huɗu-gaban-huɗu za ta ɗauka. Wannan karon ban faɗi sunan tsayuwar ba sai da na jera su. Na ce a yi layi biyu kamar kullum, a kama hannu huɗu, lamba 1 su musanya wuri, sannan layin biyu su matso juna har kowane tagwai ya sami wani tagwai a gefensa yana fuskantar inda yake fuskanta. Minti 2 aka jeru, ba wanda ya fita. Abu ɗaya na manta a koyarwa: a rawar da na zaɓa tagwai biyun da ke tafiya tare suna musayar gefe kowane zagaye, wanda yake dama yanzu zai koma hagu. A zagaye na biyu wasu suka ɗauka kuskure suka yi, suna ƙoƙarin komawa inda suka fito. Na faɗa ta makirufo cewa daidai ne, sauyin gefe yana cikin rawar, aka ci gaba. Da ta ƙare saura minti 24 a tashi, wals zai ci 4. Koras Jig tana son gajerun layuka na tagwai 6 ko 7, domin lamba 1 ne suke yawancin aikin, lamba 2 suna tsaye suna taimakawa, a dogon layi kuwa na ƙasa ba za su taɓa zama lamba 1 ba kafin kiɗa ya ƙare. Sake rarraba layi da koyar da juyin kusurwoyi zai ci minti 8 kafin a taka, ga shi za ta biyo bayan wata baƙuwar tsayuwa. Na ajiye ta, na ba makaɗa haƙuri, na kira madadinta a imfurofa da bita ɗaya, sannan Beket ta ƙarshe ba bita, ta ƙare da juyin aboki da ƙarfe 10:26.

Bayan an share zaure ma'ajin kwamiti ya ƙirga kuɗi a gabanmu, rabona ya zo dala 118, na cire man mota na tafiyar mil 80 zuwa da dawowa. Abin da na ɗauka daga daren ya fi kuɗin. Saɓanin masu kiran nan uku da na fara tambaya ya samo asali ne daga zaurukan da suke kira: mai cewa a yi murabba'i biyu yana da zaure mai faɗi da jama'ar da ta saba, mai cewa kada a yi ko ɗaya yana da kunkuntar zaure mai amo. Tef ɗin awo da ƙirga kawuna su ne suke faɗin tsayuwar da za ta yiwu, kuma a sake ƙirgawa kafin kowace baƙuwar tsayuwa, don adadin ƙarfe 8 ba shi ne na ƙarfe 10 ba. Baƙuwar tsayuwa uku a raye-raye 11 sun isa, ta huɗu ta zauna a aljihu. Kalmomin jera mutane suna son a rubuta su a haddace kamar kalmomin rawar kanta, kuma a fara daga tsayuwar da suka sani a kai su sabuwar, maimakon a faɗi suna a bar su su nemi wuri. Bambancin minti 2 da minti 6 ke nan a darena. Rawar musaya kuwa ba don nishaɗi kaɗai take ba, ita ce take raba sababbi da gindin layi, don haka gurbinta na uku ne, lokacin da masu makara sun iso kuma sababbi ba su gaji ba.

A daren na rubuta a bayan kowane kati minti nawa ya ci, mutum nawa suka yi shi, da inda ya karye. Bayan kwana 10 kwamitin ya sake rubuto mini da wata Asabar a watan Maris. A sabon jerin na bar murabba'i a gurbi na 5, da rawar layi tsakaninsa da zoben musaya, na rubuta a saman katinsa inda kowanne daga cikin takwas ɗin zai tsaya, biyu a faɗi huɗu a tsawo, na kuma roƙi a ƙara lasifika ɗaya a tsakiyar bangon hagu. Koras Jig na sa ta farkon rabi na biyu, da imfurofa a bayanta, don mutane suna dawowa daga hutu in jera su kai tsaye a layi huɗu gajeru, biyu a sama biyu a ƙasa.